Dan Allah ku taimaka, kalangun bargona sun ƙi fita a kusurwa kuma yadin ba na saye ba ne

Autar Mama:
Assalamu alaikum 'yan zaure, ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kaina ne ya kulle. Na daɗe a nan ina karanta naku, ban taɓa cewa uffan ba sai yau. Mahaifiyarmu ta rasu shekara biyu kenan da wata huɗu, rigunanta da suka rage a wurina na zuba a akwati ko buɗewa ban iya yi ba saboda ƙamshinta, sai bana na ce bari in yi wa babbar Yayarmu bargon haɗi da su, don ita ce ta yi jinyarta har ƙarshe, wata tara tana kwana a ƙasa gefen gadonta mu sauran muna zuwa muna tafiya, kuma bayan rasuwar mun ɗan samu saɓani ni da ita a kan wata magana da ba sai na kawo ta nan ba, har yau gaisuwar waya ce kawai tsakaninmu, ita ma a gajarce. Saura sati uku ta zo. Kuma na yi kuskure na gaya wa ɗayar yayar tamu abin da nake yi, ita kuwa ruwa ba ya tsami a bakinta, na tabbata labari ya kai.

Zanen da na ɗauka shi ne tauraron nan da ake kira Ohio Star, mai gida tara. Huɗu na kusurwa da na tsakiya yadi ne zalla, sauran huɗun su ne masu alwatika huɗu da suka haɗa kai a tsakiya kamar kalangu. Tauraro 20 nake so, kenan kalangu 80, kuma duk na ɗinke su. Wajen gyara baki ne abin ya watse. In na ɗora rula na datse girman yana fitowa daidai, amma ɗinki ɗaya ya fita a kusurwa cif, ɗayan kuma ya kauce ya fita ta gefe, in na haɗa tauraron sai wasu tsinayen su yi kyau wasu su guntule kamar ɓera ya gutsura. Jiya har kuka na yi wlh. Yadin nan ba na kasuwa ba ne balle in je in ƙaro. Me ke faruwa? Ko rular ce ba ta da kyau?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta. Kin sa ni hawaye da sassafe.

'Yar Koyo:
Allah ya gafarta mata Anti. Ni ma ina nan ina jiran amsa don nawa ma haka suke min, na ɗauka ni kaɗai ce.

Hajiya Mai Bargo:
Allah ya jiƙanta. To 'yata, kin ba mu labarin gidanku kaf amma ba ki faɗa mana awo ko ɗaya ba. Inci nawa kika yanka sukwayar farko? Inci nawa kike datsewa? Wace irin rula? Likita ba ya ba da magani sai ya ji ciwo. Amma tun kafin ki amsa bari in faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi, matsalarku 'yan yanzu ita ce wannan datse-datsen. Shekarata sama da talatin ina wannan aikin ban taɓa yin kalangu da girma in dawo ina aske shi ba. Lissafin a rubuce yake tun kafin a haife ki: girman da kike so ya fito a jikin bargo, ki ƙara inci 1 da kwata. In alwatika biyu ce kawai, ki ƙara 7/8. Kina son 4, ki yanka 5 da kwata, ki ɗinka da alawus, wato tazarar ɗinki daga bakin yadi, na kwatan inci na gaskiya, zai fito 4 da rabi da kansa, kunnuwan kusurwa kawai za ki cire. Wanda ya iya yanka ya iya ɗinki ba shi da abin datsewa.

Autar Mama:
Na gode Hajiya. Tauraron inci 12 ne, kalangun kuma 4 da rabi nake datse su. Na yanka sukwayar 5 da rabi ne saboda a bidiyon da na koya haka matar ta yi, ta ce gara ya yi yawa a rage da ya gaza. Kuma ai na riga na yanka Hajiya, duka 80 ɗin.

Hajiya Mai Bargo:
Ga irinta nan. Bidiyo. Kowa ya samu waya ya zama malami.

Malamar Lissafi:
Hajiya da girmanki, 5 da rabi ba laifi ba ne, akasarin masu koyarwa yanzu haka suke cewa, a ƙara 1 da rabi a datse. Kuma ko naki 1 da kwata ɗin ai ba cif ba ne, in aka buga lissafin 1.21 yake bayarwa, an ɗaga shi ne don ya yi sauƙin gani a rula. Auta bari in tambaye ki abu ɗaya, in kin ɗora rular gefe nawa kike yankewa, biyu ko huɗu?

Autar Mama:
Biyu Anti, dama da sama. Ina ɗora layin nan na karkace na digiri 45 a kan ɗinkin, in daidaita 4 da rabi a gefen hagu da ƙasa, in yanke abin da ya fito. Ai sauran gefen biyun a miƙe suke, me zan yanke musu?

Malamar Lissafi:
To an zo wurin. Rularki lafiyarta ƙalau. Sukwayar 5 da rabi in ta bi ɗinki biyu ta zama kalangu, tana fitowa wajen 4 da kwata uku. Rarar kenan kusan kwata ɗaya. Wannan kwatan ba na gefe biyu ba ne, na gefe huɗu ne, kowane gefe 1/8 ya kamata ya bayar. Ke kuma kin kwashe shi duka daga dama da sama, sai cibiyar, wato inda ɗinki biyun suka gitta, ta tashi daga tsakiya, ta koma 2 da 3/8 daga hagu, 2 da 1/8 daga dama. Ɗinkin da kika ɗora wa layin 45 dole ya fita a kusurwa tunda shi kika bi. Ɗayan kuwa ba wanda ya kula shi, shi ya sa yake kaucewa da kusan kwata. Ki ɗauko ɗaya ki auna yanzu ki gani in ƙarya nake.

Yadda za ki yi da sauran: rabin 4 da rabi shi ne 2 da kwata. Ki nemo inda layin 2 da kwata na tsaye da na kwance suka haɗu a jikin rular, ki ɗiga masa alama da alƙalamin maka ko ki manna ɗan guntun tef don kada idonki ya riƙa ɓata. Wannan ɗigon shi za ki ɗora a kan cibiya daidai, layin 45 kuma a kan ɗinki ɗaya. Kafin ki sa reza ki dubi ɗaya ɗinkin, ya kamata ya ratsa ta inda 4 da rabi yake a bakin rula ta sama da ta dama. In bai ratsa ba kada ki yanka, ki ɗan juya rular ki raba bambancin. Ki yanke dama da sama, ki juya ƙyallen kansa ya koma ƙasa, gefen da kika yanke su zauna a kan layin 4 da rabi, ɗigon ya sake hawa cibiya, ki yanke sauran biyun. Shi kenan. In na inci 3 da rabi ne cibiya 1 da kwata uku, kullum dai rabi.

Autar Mama:
Anti na auna, 2 da 1/8 ne kamar yadda kika ce. Amma fa na taɓa yin bargon jarirai mai alwatika bibbiyu kuma haka na datse, gefe biyu kawai, ya fito tsaf har ana tambayata inda na saya. Shi ya sa nake ganin kamar yadin ne yake ja.

Malamar Lissafi:
Mai alwatika biyu ɗinki ɗaya gare shi, ba shi da cibiya, duk inda kika tsaya a kan layin daidai ne. Wannan biyu gare shi.

Tsohon Tela:
Salamu alaikum matan zaure, a yi min afuwa in sa baki. Ni duk wannan reza mai taya da rular roba baƙi ne a wurina. Kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da rezar nan a 1979, shi kuwa tauraron da 'yar nan take ɗinkawa tun ƙarni na 19 matan Amurka suke yin sa, da me suka yi? Almakashi da kwali da fensir. 'Yata ki samu kwali mai tauri ki yanka sukwaya 4 da rabi, ki ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, ki huda tsakiya da allura. Ki soka fil ta hudar ya shiga cibiyar ɗinkin, ki juya kwalin har kusurwoyinsa huɗu su hau ɗinki, ki zagaye da fensir, ki bi da almakashi. Ba zamewa ba yanke yatsa. Yaran da na koyar sun fi ashirin, yau in mun haɗu a hanya wasu ko gaisuwa sai sun ga dama, ɗaya ma da almakashina na Jamus ya tafi wanda maigidana ya ba ni ranar da ya sallame ni, har yau in na tuna raina ɓaci yake, amma dai ba wanda zai ce ban koya masa yankan gaskiya ba.

Hajiya Mai Bargo:
Baba kwali yana cinyewa. Kafin ta zagaye guda 20 bakinsa ya lanƙwashe, na ƙarshe ba zai yi daidai da na farko ba, ga kaurin fensir. Ni na fara da kwalin nan, na san shi. Auta ki saurare ni, abin da ba wanda ya tambaye ki shi ne alawus ɗinki. Ƙafar keke ta yau da kullum yawanci ta fi kwata faɗi, kwata milimita 6 ne da ɗan ɗoriya, in kina bin bakin ƙafar kina cin yadi ba ki sani ba. Ki yanka tsiri uku masu faɗin 1 da rabi, ki haɗa su ki goge, in na tsakiya bai ba ki inci 1 cif ba, duka ukun kuma 3 da rabi, to keken ne ke cutarki, kuma ko Malama ta zo gidanki ta riƙe miki rula tsinayen nan sai sun guntule wajen haɗa tauraro.

Autar Mama:
Hajiya keken nan na Mama ne, da shi ta ɗinka mana kaya tun muna yara, ban taɓa jin ta ce yana cin yadi ba.

Hajiya Mai Bargo:
Ban ce keken ya lalace ba, cewa na yi ki auna. Riga ba ta damu da 1/16 ba, bargon haɗi ya damu. Jere ɗaya na tauraro huɗu gida 12 ne, ɗinki 11, in kowanne ya ci 1/16 fiye da ƙa'ida a gefe biyu kin yi asarar sama da inci guda a jeren.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai ki duba bakin rezarki. Nawa haka ya riƙa min, ashe ƙanwar maigida ce ta ɗauka ta yanka kwalin aikin makarantar ɗanta ta mayar ta ajiye ba ta ce komai ba, ni ina ta danna reza tana tsallake zare tana jan yadin, rula tana gocewa, na ɓata ƙyalle ya fi goma kafin 'yan biyu su tona. Da na yi magana sai aka ce na cika son kayana, wai reza ce fa kawai. Wata uku kenan tana gidan, sati biyu aka ce min za ta yi. Dutsen gugata ma yanzu sai na nema a ɗakinta, jiya na tarar da ƙasansa ya yi baƙi ƙirin ta ƙona wani abu mai roba. Allah dai ya ba mu haƙuri. Reza mai milimita 45 kike amfani da ita ko ƙaramar 28? Ƙaramar ba ta son ɗinki mai kauri.

Bahaguwa:
Auta da wane hannu kike yanka? Don ni shekara guda ina fama kafin in gane duk bayanin da ake yi na 'yan dama ne. Mu hagu da sama muke fara yankewa, kusurwar rula mai lamba 1 ta koma sama ta hagu, lambobin kuma su kwanta a gicciye kana karantawa kana karkata wuya. Almakashi na dama, reza ta dama, hatta keken an yi shi ne don su. Tun a makaranta ake buge min hannu, ban daina ba.

Autar Mama:
Da dama nake yi 'yar'uwa. Rezar kuma sabuwa ce. Sai dai rulata ba sukwaya ba ce, doguwar nan ce mai 6 da 24, ita kaɗai gare ni.

Malamar Lissafi:
Kai Auta, da kin faɗi wannan tun farko. Doguwar rula layin 45 ɗinta sau da yawa ba daga kusurwa yake tashi ba, kuma tsawonta yana rinjaya ta riƙa lilo a kan tudun cibiya. Ki nemi sukwaya mai 6 da rabi wadda layin karkacenta ya tashi daga kusurwa. Akwai ma wadda aka yi musamman don wannan aikin, Tucker Trimmer, an zana layin ɗinki na biyun a jikinta ga kowane girma, ba sai kin yi lissafin rabi ba. In ba hali ki ari ta wani na sati ɗaya.

Hajiya Mai Bargo:
Wata rular kuma. Kullum a sayi wannan a sayi wancan. Hannu ne bai zauna ba, ba rula ba.

Mai Ɗinkin Dare:
Ba wanda ya yi maganar yadin kansa, kuma ina ga Auta tana da ɗan gaskiya da ta ce yana ja. Rigar da aka shekara goma ana wankewa ta saki, ba ta da jikin sabon yadi, kuma in ba a lura ba wajen farke riga ana yanka sukwaya a karkace ba a bi zaren tsaye da na kwance ba. Amfanin kalangu shi ne bakinsa na waje ya faɗo a kan miƙaƙƙen zare, bayas ɗin, wato yankan karkace mai miƙewa, ya shige ciki inda ɗinki ya riƙe shi. In sukwayar farko ta karkace to bakin waje ma zai riƙa miƙewa. Ki fesa sitaci ki bari ya sha, ki danna dutsen guga ki ɗaga, danna ki ɗaga, kada ki ja shi gaba da baya kamar gugar riga. Ni har buɗe ɗinkin nake yi biyu in kwantar, rula ta zauna lafau.

Hajiya Mai Bargo:
A'a. Ba a buɗe ɗinkin kalangu, balle a tsohon yadi, zaren ne zai rage shi kaɗai yana riƙe da bargon, audugar ciki ta riƙa leƙowa. Ana kwantar da shi ne wajen yadi mai duhu, in kin kifa biyu ɗaya ya kalli gabas ɗaya yamma su cije juna, da yatsa ma za ki ji sun zauna, wannan cizon shi ke ba da cibiya mai kyau. Tudun tsakiya kuma ki juya baya ki zare ɗinki biyu ko uku da ke cikin alawus, ki murza su su bi juna kamar fanka, za ki ga wata 'yar sukwaya mai gida huɗu ta fito a bayan, ya kwanta kenan. Kuma sitaci kafin yanka ake sa shi. Ta jiƙa shi yanzu bayan ta ɗinke, wani yadin ya shige wani bai shige ba, ta samu sabon ciwon kai.

Mai Ɗinkin Dare:
Hajiya ni dai na yi kuma bai shige ba. Ba komai ne sai yadda kika saba ba.

Hajiya Mai Bargo:
Naki sabon yadi ne iri ɗaya. Nata riguna ne kala-kala, wa ya san ko duk auduga ne.

Autar Mama:
Ba duka ne auduga ba gaskiya, akwai guda biyu masu santsi, amma su ne waɗanda ta fi sawa, ba zan iya cire su ba. Kuma tururi nake sawa wajen guga don su ne ba sa kwanciya sai da shi.

Mai Ɗinkin Dare:
Tururi a kan bayas?? Innalillahi.

Uwar Marayu:
Ni ba ɗinkin ne ya tsaya min a rai ba. Ni ce irin Yayar taki a gidanmu, shekara biyu ina juya mahaifinmu ina wanke shi, 'yan'uwa sai dai su kira su ce yaya jikin Baba, ranar da ya cika kuma kowa ya fi ni kuka. Da ɗaya daga cikinsu ta zo ta zauna ta ce Yaya na gode, ki yafe min, wlh ya fiye min bargo goma. Ki je ki ba ta haƙuri, tsinin tauraro ba shi ne a gabanta ba.

Autar Mama:
Anti ba ki san abin da ya faru tsakaninmu ba, kuma ba ni ce mai laifi ba. Ni ma ina da ƙaramin ciki lokacin, likita ne ya hana ni zirga-zirga. Shawarar ɗinki na zo nema.

Shugabar Zaure:
Dan Allah a tsaya a kan ɗinki. Auta guda nawa kika riga kika datse?

Autar Mama:
32 na datse, 48 suna nan. A cikin 32 ɗin na haɗa tauraro 5.

Malamar Lissafi:
To ai da sauran gyara, bargon bai mutu ba. Waɗanda kika datse, gefen da ya fi kusa da cibiya 2 da 1/8 ne, ninki biyunsa 4 da kwata. Ki mayar da komai 4 da kwata, cibiya a kan 2 da 1/8, har 48 ɗin da suka rage da gidajen yadi zalla. Kowane gida zai fito 3 da kwata uku, tauraro ya zama 11 da kwata maimakon 12. Bargon da zai yi 48 da 60 zai dawo 45 da 56 da kwata, ki cike da ƙarin baki a zagaye, ba mai sanin an yi. Amma ki auna 32 ɗin ɗaya bayan ɗaya tukuna, wanda ya fi kowa gajarta shi zai yanke hukunci. Tauraro biyar ɗin nan kuma sai an farke su.

Hajiya Mai Bargo:
Wannan kam na yarda da shi, duk da dai da an bi 5 da kwata tun farko da ba a zo nan ba. Ki farke.

Autar Mama:
Ba zan iya farkewa ba. Ɗinkin ƙanana na sa, na lamba 2 a keke, saboda an ce in za a yanka ta tsakiyar ɗinki a rage tsawonsa kada ya warware, na gwada farke ɗaya shekaranjiya yadin ya yage a hannuna, koriyar rigar da take sawa in za ta asibiti, na zauna na kasa komai har yamma. Kuma in na rage girman zai yi wa Yaya kaɗan, doguwa ce. Ni tunanina in datse 48 ɗin yadda Anti Malama ta ce a 4 da rabi, in sa masu kyau a tsakiya, biyar ɗin nan in kai su gefe inda za su sauka a bakin gado.

Malamar Lissafi:
Biyar ɗin na ji. Sauran 12 da kika datse ba ki haɗa ba fa? Tauraro uku ne su ma.

Autar Mama:
Su ma gefe.

Mai Ɗinkin Dare:
Ni ban ga laifin haka ba. Akwai matan wani ƙauye a Alabama ta Amurka, Gee's Bend, da tsofaffin kayan aikin gona na mazajensu suke bargo, layukan a karkace ba ruwansu da rula, a 2002 aka rataye su a gidan adana kayan fasaha a Houston da New York, a 2006 har kan sarki aka buga da hotonsu. Wanda ya san rigunan nan rigunan zai gani.

Hajiya Mai Bargo:
Na san su. Yawancin nasu tsiri ne da faci, karkacewar ita ce adon. Tauraro kuwa tsini ne adonsa, in ya guntule ya guntule. Takwas cikin 20 kusan rabin bargo ne, gefe nawa gado yake da shi? Ni dai ba zan ba wa yayata abin da na san da aibi a jikinsa ba, amma kowa da irin tasa.

'Yar Koyo:
Hajiya irin maganar nan ce ta sa na bar wurin da nake koyo, matar sai ta ɗaga aikina a gaban kowa ta ce ku zo ku ga abin da ba a yi, sau huɗu ta sa na farke abu ɗaya har ya zama tsumma. Yanzu a gida nake koya da waya kuma ina jin daɗina.

Tsohon Tela:
Farkewa ba a yi da ja 'yata. Ki tsinke kowane ɗinki na uku ko na huɗu ta fuska ɗaya, ki juya ki zare zaren baya, zai fito salin alin. Sai dai tsohon yadi kam ba na rantsuwa a kansa.

Autar Mama:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na gwada guda huɗu yanzu da ɗigon 2 da kwata a doguwar rular tawa, uku sun fita a kusurwa huɗun, na huɗun mai santsin ne, rula ta zame ya dawo 4 da 3/8 ta gefe ɗaya. Ban sa sitaci ba tukuna don na rasa ta wa zan bi. Gwajin tsiri ukun ma ban yi ba Hajiya, ba ni da yadin da zan ɓata. Biyar ɗin dai suna nan yadda suke. Na so in turo hoto ya ƙi tafiya.

Hajiya Mai Bargo:
Da kowane tsumma ake gwajin, ba sai na Mama ba.

Bahaguwa:
Ki manna ɗan tef mai kaushi a ƙasan rular ta daina zamewa. Wai a cikinku akwai wadda ta taɓa ganin sukwayar rula ta 'yan hagu mai 6 da rabi?

'Yar Koyo:
Anti Malama ni da santimita nake aiki, alawus ɗina 0.75, in ina son kalangu ya fito 10 nawa zan yanka, kuma cibiyar a ina za ta zauna?